Baƙar Ƙasar Bayan Masana'anta

A tashar bas da ke kallon tsohuwar masana'antar batir, wata tsohuwa ta zauna kusa da wani mai hular kwano.

"Ɗan nan, ku ne masu rusau? Kun rushe rabi kun tsaya."

"Mu ne, Iya. Masu kwashe ƙasa muke jira. In muka kayar da bangon baya yanzu, ɓaraguzai za su danne gurɓatacciyar ƙasar."

"Wace ƙasa ce gurɓatacciya?"

"Ta bayan ginin mana. Gubar dalma ce fal a cikinta. Ko takalmanmu ba a bari mu tafi da su gida."

"Kai, raba ni! Baƙar nan mai laushi? Maigidana shekara ashirin yana gadi a nan. Buhu-buhu yake kawo min ita a keke, ina shuka alayyahu a tsakar gida. Da shi na ciyar da 'ya'ya biyar."

Mutumin ya cire hularsa ya riƙe.

"Iya, suna ina yanzu?"

"Saura autar kaɗai a raye. Ita zan je dubawa asibiti. Likita ƙoda ya ce, ɗan nan. Bai ce ƙasa ba."