Kwamfutar Malam Badamasi ta ƙi tashi

Motar Birnin Kudu ta ƙi cika a tashar Gwaram. Malam Badamasi, tsohon mai tafireta, ya rungume kwamfuta cikin zane kamar jaririya. Wata Hajiya mai surutu da ke zaune kusa da shi ta leƙo.

"Malam, jinya ce?"

"Ta ƙi tashi, Hajiya. Na shiga zauren masu gyara a intanet, kwana huɗu shiru."

"Me ka rubuta musu?"

"Na yi sallama, na tambayi iyali da damina. Ina jiran su amsa. A zamaninmu wa ke faɗin buƙata daga bakin ƙofa?"

Ta yi dariya har mayafi ya zame. "Can ba a shimfiɗa tabarma! Sunanta za ka faɗa, da abin da take yi, ka ɗora hoto. Wai me ke cikinta?"

"Muryar matata, marigayiya Tani. Jikarmu ta naɗi muryar tana min faɗa, na bar awaki sun shiga gonar wake."

"Au, faɗa kake nema?"

"Shekara talatin ina guje masa, yanzu gidan ya yi tsit." Ya miƙa mata wayarsa. "Rubuta musu yadda suke so."