Kujerar Baya

Mai girma shugaban taro, dattawan wannan ƙungiya tamu ta masu tsofaffin jiragen sama, makanikan da muke hana wa hutu, matanmu masu haƙuri, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da wannan walima da kuka shirya mini. Likita ya ce idona ya gaji, don haka tashin yau shi ne na ƙarshe. An ce in yi jawabin ban kwana, na tsara shi tsaf, amma wallahi tun da safe kaina ya ɗaure.

Da farko, kun san jirgina. Injinsa ɗaya, kujerunsa biyu, kuma ya girme ni. Ba shi da makunni. Sai wani ya tsaya a gaba ya murza farfela da hannu, ni ina ciki na danne birki. Shekara da shekaru Yayana ne mai wannan aiki. Ya murza, ya ja da baya, ya ɗaga mini hannu, ya koma bakin rumfa ya zauna har in sauko.

Na biyu, Yaya bai taɓa hawa ba, ko sau ɗaya. Kuna yi masa tsiya wai matsoraci ne, shi kuma yana dariya. Ba tsoro ba ne. Ranar da na kawo jirgin, Inna ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa fiffiken, ta ji ashe yadi ne aka shafa wa fenti. Ta ce, "'Ya'ya biyu gare ni. Kada in ji kun shiga wannan abu tare." Muka ce to. Ta rasu da daɗewa, ba ta janye ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ga na uku. Yau da safe Yaya ya ce, "Ƙanena, yau da ni za a tashi."

Na ce, "Yaya, maganar Inna fa?"

Ya ce, "Tsoronta a bar ta ba kowa. Yanzu wa za mu bari?"

Jama'a, ku gaya mini. In na ɗauke shi, na saɓa wa uwa; in na bar shi, na hana ɗan'uwana abin da ba zan ƙara iya ba shi ba. Na tambayi shugaba, ya ce in tambayi matata. Na tambayi matata, ta ce ba ruwanta.

Masu waige-waige kuna nemansa, ba ya cikinku. Yana can cikin jirgin a kujerar baya, ya ɗaura bel tun kafin a buɗe taro. Daga nan wurinsa zan nufa, kuma har yanzu ban sani ba, fito da shi zan yi ko shiga zan yi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya yafe mana inda muka kasa fahimtarsu. Allah Ya sauko da duk wanda ya tashi, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode ƙwarai.