Wayar Chiedozie Ba Ta Da Laifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ɗantsoho. Wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da iyayenmu. 'Yan uwana na Ƙungiyar Masu Sha'awar Rediyo ta Daura, da waɗanda suka taso tun daga Sandamu, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ni ce Haulatu, sakatariyar ƙungiya. Na gode da aka ba ni dama, amma ku gafarce ni, yau ban zo da yabo ba, na zo da ɓacin rai.

Na farko, ga abin da ya faru, domin baƙinmu su fahimta. Muna da rediyo mai kamo saƙonni daga ƙasashe masu nisa, saƙonnin da suka yi raunin da kunne ba ya jin komai sai shuu. Sautin nan ake turawa ta waya zuwa kwamfuta, manhaja ta tsamo rubutun da ke ciki ta nuna a allo. Wayar da ƙaramin akwatin sautin da ke tsakaninsu, Oga Chiedozie ne ya haɗa mana su da hannunsa, mutumin da ya shekara goma sha tara yana sayar da kayan lantarki a garin nan.

Da muka koma sabon ɗaki, sai allo ya daina nuna komai. Aka hau aka duba eriya, lafiya lau. Aka saurari rediyo, yana aiki. Nan take Malam Mainasara ya yanke hukunci, ya ce wayar jabu ce. Bai tsaya a ɗakinmu ba, sai da ya je ƙofar shagon mutumin, ranar kasuwa, ya ɗaga wayar sama yana cewa, "Jama'a ku shaida, ga irin kayan da yake sayar wa mutane!" Chiedozie ya ce, "Malam, kawo in auna ta a gabanka." Aka ce ba a buƙata. Mako uku masu gyaran rediyo da talabijin suna tsallake shagonsa.

Na biyu, ga gaskiyar lamarin. Ranar Asabar da hantsi ina zaune gaban kwamfutar, sai Alhaji Ɗantsoho ya yi atishawa, na ga layukan allo sun yi tsalle. Na ce, "Baba, don Allah yi magana." Ya ce, "In ce me, 'yata?" Allo ya sake motsi. Na tafa hannu, ya motsa. Ashe mako uku kwamfutar nan ba rediyo take saurare ba, mu take saurare! Wajen kwashe kaya an zare akwatin sautin, aka jona shi a wata kafar daban, kwamfuta ta ba shi sabon suna, manhaja ta neme shi ta rasa, ta koma kan makirufon jikin kwamfutar. Na buɗe wurin saitin sauti, na zaɓi akwatin. Sautin ya shigo da ƙarfin da ya wuce kima, ma'auni ya yi ja, na rage shi har ya koma kore. Kafin minti biyu saƙonni suka fara zubowa, da wayar nan dai da aka kira jabu.

Minti biyu, jama'a! Minti biyu muka kasa bayarwa, amma muka iya ba da mako uku wajen zubar da mutuncin bawan Allah. Muna alfahari da cewa muna zaune a ƙarƙashin Shari'a. Wace Shari'a ce ta yarda a tozarta mutum babu bincike, babu shaida, ko da ba addininku ɗaya ba?

Na uku, ga abin da nake nema. Daga yau, in allo ya yi shiru, a fara duba inda manhaja take ɗaukar sauti, a duba ƙarfinsa, a duba kafar da aka jona, kafin a ambaci sunan kowa. Sannan a bainar jama'a aka ci mutuncin nan, a bainar jama'a za a mayar da shi. Ba wasiƙa ba, ba saƙon waya ba. Da an tashi daga nan, ƙofar shagonsa muka nufa. Malam Mainasara, ba kai kaɗai za ka ba da haƙuri ba. Ina tsaye a wurin ranar da ka ɗaga wayar nan, na ji a raina ba daidai ba ne, na yi shiru don kada a ce mace ta cika baki. Ni zan fara magana, kai ka biyo baya.

Allah ya yafe mana abin da harsunanmu suka jawo, ya ba mu haƙurin bincike kafin hukunci, ya zaunar da Daura da duk wanda ke neman abinci a cikinta lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode.