Wa ke zuwa aiki da sunana a Zahir?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Abdulƙadir, haifaffen unguwar Mansur a Makka.

A ƙasar nan, duk wata ana cire wani abu daga albashin ɗan ƙasa, kamfaninsa ya ƙara nasa, a zuba a asusun tallafa wa waɗanda suka rasa aiki. Shekara tara ana cire mini. Da otal ɗin da nake aiki ya sallame mu bayan Hajji, sai na je neman tallafin, don 'ya'yana uku.

Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, ai kana da aiki. Watan nan ma wani kamfani a unguwar Zahir ya zuba kasonka."

Na rantse ban san su ba. Ya rubuta mini adireshin.

Na je bayan azahar. Ofishin yana hawa na uku, ƙofa a buɗe, ba kowa. Duk teburan sun yi ƙura, ban da guda ɗaya da aka goge tas. A kansa ga katin aiki da sunana da hotona, cikin rigar da ban taɓa sawa ba. Na sauko na tambayi maigadin ginin. Maigadi ya ce shekara biyu ba wanda ya kama hayar wurin. Sai ya ƙura mini ido ya ce, "In ban da kai da kake zuwa kullum da safe."

Har yau ban samu tallafin ba, kuma na kasa komawa ofishin kamfanin. Don Allah masu sauraro, ina zan kai kukana? Ina gaida abokan aikina da aka sallame mu tare.