Gurbin "Ba a Sani Ba"

A tashar bas ta Stratford Road a Ingila, wata dattijuwa ta ji wani matashi yana waya da Hausa. Da ya gama, ta matso.

"Sannu ɗana. Karatu kake a nan?"

"Koyarwa nake a jami'a, Mama. Ina koya wa ɗaliban kasuwanci tsara database, ma'ajiyar bayanan mutane a kwamfuta."

"Au, ashe ku ne masu gina abin da ba ya jin magana. Jiya a wani ofis yarinya ta tambaye ni 'ya'yana. Da muka zo kan babban, ta ce yana raye ko ya rasu? Na ce ban sani ba. Ta ce kwamfuta ba za ta wuce ba sai na zaɓi ɗaya."

"Laifin mai tsarawa ne. Kullum ina gaya musu, 'babu' daban, 'ba a sani ba' daban, a bar gurbin a buɗe. Ba sa saurara, tunda ba ya fitowa a jarrabawa. Amma Mama, yaya uwa ba za ta sani ba?"

"A hanyar Birnin Gwari aka tare motarsu, tun kafin in zo ƙasar nan. Ba gawa, ba waya."

"Innalillahi. To me kika zaɓa?"

"Layi ya yi tsawo a bayana. Na ce ya rasu. Ni da na hana dangi zaman makoki, jiya da bakina na binne shi."

Bas ta tsaya. Ta ɗauki jakarta.

"Ka saka shi a jarrabawar, ɗana."