Rago da Kwangilar Kwalbati

Iya Adama na zaune a tashar Dutse tana jiran mota ta cika, sai wani ɗan kwangila ya zauna gefenta, riƙe da igiyar rago, yana huci.

"Iya, babu adalci a ƙaramar hukumarmu! Aikin kwalbati na nema, takarduna cif, aka ba wani."

"Ayya, sannu. Ragon nan fa?"

"Gaisuwa na kai wa ciyaman. Da ya hana ni, na je na kwance abina."

"Shi wancan me ya kai?"

"Bijimi fa, Iya!"

Ta dubi ragon, haƙarƙari duk a waje.

"To ina zaluncin, ɗan nan? Kasuwa ka je, aka fi ka tayi."