Yaro Mai Natsuwa

A tashar Ɗanbatta, motar Kano na jiran mutum biyu ta cika. Sauda ta kwance leda a cinyarta, ta fito da wasu takardu, ta dubi dattijon da ke gefenta, mai biro a aljihu.

"Malam, don Allah duba min, a jere suke? Sakamakon jarrabawar ɗana ne, Fatihu. Yana kwance a asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ya ce in kawo, ya ga yadda yake kafin ciwon."

Dattijon ya gyara tabarau. "A jere suke, Hajiya. Ya zo na uku a aji, sai na tara, sai na ashirin da shida. Amma kowace shekara abu ɗaya malamai ke rubutawa: yaro mai natsuwa."

"Ai haka yake!" Ta yi murmushi, kamar gonarsu take hangowa a bayan rumfuna. "In aka tura shi korar tsuntsaye a gero, sai ka tarar da shi zaune, suna ta ci, har kan gwiwarsa suke sauka. Ba ruwansa da dandali, ba shi da aboki ko ɗaya. Matan unguwa har cewa suke ina ma nasu ne."

Dattijon ya sake duba takardun.

"Shekara talatin na yi ina koyarwa. Masu surutu muke bi da bulala. Irinsa kuwa, masu zaman bakin taga, wannan yabon nake rubuta musu in wuce."

"Allah sarki. Yanzu suna ina?"

Ya ninke takardun a hankali, ya miƙa mata.

"Wallahi, Hajiya, ban taɓa tambaya ba."